Ranar da Na Ɗinka wa Kaza Rigar Latas

Duk unguwar Gwallaga a Bauchi babu wanda bai san Mijinyawa ba, don shi da kansa yake bi majalisa-majalisa yana tabbatar da haka. Ɗan kawuna ne. Ya taɓa aiki a wani babban otal a Abuja, kuma a faɗarsa shi ne shugaban masu girki. Wani direba da ya gan shi a can ya ce ƙarfen ƙofar shiga da mota yake ɗagawa. Amma direban ya yarda cewa tagar kicin tana kallon ƙofar, saboda haka ba za a ce bai ga girki ba.

Ni sunana Babayo, tela ne, shagona a jikin zauren gidana yake. Matata Habibatu ta rasu da kaka, Allah ya jiƙanta, ta bar ni da 'yarmu Fati, 'yar shekara shida. Tun ranar na ja ƙofar kicin ɗinta ban sake buɗewa ba. Da safe shayi da burodi, da rana ƙosai a wurin Hamsatu maƙwabciyarmu, da yamma kuma shayi da burodi. Ban san wanda ya kai labari Zungur, garin su Habibatu, ba, amma bayan sadakar arba'in surukata Inna Bintu ta kira ni a waya.

"Baban Fati, ranar Asabar zan shigo. A haɗa mata kayanta. Ba zan zuba ido jikata ta rikiɗe ta zama burodi ba."

Na je wurin Liman. Ya ce riƙo haƙƙin kaka ne, sai dai in ita ta ga dama ta bari. Na dawo na zauna a kan keken ɗinki ban taka ba. A haka Mijinyawa ya same ni.

"Abinci ne matsalar?" ya ce. "Kana da ni a dangi kake zaman makoki na biyu? Ka san abin da ministoci suke ci?"

"Ban sani ba."

"Kaza a naɗe cikin ganyen latas. A yanka ta ƙanana, a soya, a zuba baƙin romo, a naɗe. Ba shinkafa, ba tuwo, ba cokali. Ganyen shi ne kwano. Ka gama ci ka cinye kwanon. Tsohuwar nan in ta ɗanɗana, ita za ta roƙe ka ka riƙe yarinya."

"Inna manomiya ce. Ɗanyen ganye awakinta take ba wa."

"Don ba ta taɓa ganinsa da kaza a ciki ba."

"Mu dai yi mata shinkafa da miya."

"Ka iya?"

"Ban iya ba."

"To. Ɗauko awo ka gwada kaina. Wannan girkin ba ya yiwuwa babu hula."

Na ɗinka masa farar hula na sa mata kwali a ciki. Ya duba madubi ya ce ta mataimaki ce, a ƙara tsawo. Na ƙara. Da muka gama, sai ya durƙusa kafin ya shiga zaure.

Ranar Asabar da safe ya dawo daga kasuwar Muda Lawal da kaji biyu da latas cike da buhu, ya ce a ba shi babban kasko. Dole na buɗe kicin. Tsintsiyar Habibatu tana jingine inda ta bar ta, ɗankwalinta a rataye a ƙusa. Na ɗauki kaskon na fito, ban daɗe ba.

Aka yanka kaji aka fige. Mijinyawa ya ce naman sai ya koma kamar ƙwayar gero. Ya gwada wuƙa, ya ce wuƙar ƙauye ce. Kafin in waiga ya ɗauko babban almakashina, wanda ko Fati ba ta taɓawa, ya kama cinya da shi. Almakashi ya ci ƙashi ya karkace baki.

"Kayan aikinka ba su da inganci," ya ce. "A otal inji ne yake yi. Tashi mu je wurin Felicia."

Felicia ita ce mai injin markaɗen unguwarmu. Muka tarar da layin mata da bokitai. Mijinyawa ya wuce gaba da hularsa, ya dire bokitin kaji.

Felicia ta leƙa ta ɗago. "Oga Mijinyawa, injina wake yake ci, da tumatir. Bai taɓa cin kaza ba."

"Yau zai ci. Ƙaruwarsa ce."

"Da ƙashi?"

"Ƙashin ai shi ne sirrin."

"Yanzu na gama attaruhun gidan biki. Bari in wanke."

"Kada ki wanke. Ba mu da lokaci, baƙuwa tana hanya."

Hamsatu tana bayanmu da waken ƙosanta. Ta ce, "Felicia, ki dai wanke kafin nawa. Ba na son ƙosaina ya yi cara a cikin mai."

Mata suka kwashe da dariya. Felicia ta ja igiya, inji ya tashi. Da ya kama ƙashin farko sai ya yi wani gurnani ya fara tafiya da ƙafafunsa, sai da mata biyu suka danne shi. Felicia kuwa ta yi abin da hannunta ya saba, tana tura nama da itace tana bin sa da ruwa kofi-kofi. Abin da ya zubo a bokiti ja ne, mai ruwa-ruwa, kamar kunun da ya yi fushi.

"Haka yake a Abuja?" na tambaya.

"Na Abuja bai kai wannan laushi ba."

Saura latas. Mijinyawa ya ce a otal in ka ciji ganyen sai na teburin kusa ya ji ƙararsa, kuma sanyi ne yake sa haka. Tun da safe ashe ya kai rabin buhun gidan Mary mai sayar da ƙanƙara, ya sa ta tura shi can ƙasan firiza. A ranar kuma, ranar da ba a roƙa ba, wuta ta zauna daram ba ta ko ƙifta ba. Muka ɗauko latas ya zama gilashi. Mijinyawa ya ɗaga ganye ɗaya ya ƙwanƙwasa shi da farce.

"Ka ji? Wannan ita ce ƙarar."

Ganyen ya fashe a hannunsa. Kafin mu kai gida sauran sun narke, sun yi laƙwas kamar jiƙaƙƙen hankici.

"Akwai ɗaya rabin," na ce.

Ɗaya rabin ya wanke ya shanya a igiyar shanya a ƙofar gida, ganye-ganye, kowanne da maƙalinsa. Muka leƙa muka tarar da ragon Hammajoda, maƙwabcinmu mai kiwo, ya ɗora ƙafafun gaba a kan benci yana bin igiya daga wannan gefe zuwa wancan. Ya kusa kaiwa ƙarshe. Hammajoda yana zaune a gindin bango yana kallonsa.

"Hammajoda! Ba ka ga abin da yake yi ba?"

"Na gani. Na ɗauka sadakar Habibatu ce kuka fitar wa dabbobi. Har na yi mata addu'a."

Muka koma kan laƙwasassun. Mijinyawa ya ce a kawo sitati. Na ce sitati na shadda ne. Ya ce da rogo ake yinsa, rogo kuwa abinci ne, kada in nuna masa jahilci. Ya tsoma ganye a sitati, ya shimfiɗa a teburina, ya ɗora dutsen guga. Da ya ɗaga, babu ganye a tebur, babu a ƙasa. Yana jikin dutsen, ya zama tambari.

"Za mu yi da su a haka," ya ce. "Akwai ƙasar da suka fi son shi da laushi."

Baƙin romo bai ba shi wahala ba. Ya ce na otal daga ƙasar Sin ake kawo shi, amma shi ya gano abin da ke ciki tun daga warinsa. Ya dafa ganyen shayi har ya yi baƙi ƙirin, ya jefa daddawa, ya ƙona sukari ya zuba. Fati ta leƙo ta toshe hanci ta koma.

Na ce mu yi suyar a tsakar gida. Ya ce a manyan wurare a gaban jama'a ake girki, don a ga babu maguɗi. Ya kafa murhu a ƙofar gida, bakin hanya. Kafin mai ya yi zafi an cika. Masu shaguna sun bar shagunansu, masu facin taya sun zo, Liman ya fito daga masallaci ya tsaya daga nesa da carbinsa.

Mijinyawa ya juye rabin markaɗen a kasko. Ya yi ta juyawa yana jiran ya warwatse ƙanana-ƙanana. Abin ya ƙi. Ya haɗe jikinsa wuri ɗaya, ya yi faɗi, ya zama wata ƙatuwar waina mai girman murfin randa.

Wani ya ce, "Shugaba, masa ce?"

"Ku matsa baya. Yanzu za ku ga abin da ake biyan kuɗi a gani. Babban mai girki ba ya juyi da cokali."

Ya kama hannun kasko da hannu biyu, ya durƙusa, ya yi bismilla, ya wurga sama. Abin ya tashi. Duk muka ɗaga kai. Mijinyawa ya tara kasko yana jira, yana matsawa hagu yana matsawa dama. Daidai lokacin keke napep ɗin Toma ya shawo kwana ya tsaya, kaza ta sauka a kan rufinsa, ɗaf.

Toma ya leƙo. "Wane ne ya jefe ni da tabarma?"

Daga bayan keken Inna Bintu ta sauko da ƙafa ɗaya, sannan ɗayar. Ta dubi taron, ta dubi hayaƙi, ta dubi hular Mijinyawa tun daga ƙasa har sama, abin ya ɗauke ta lokaci.

"Wani ne ya sake rasuwa?"

Na zube ƙasa na gaishe ta, kaina a sunkuye. Toma ya ja kekensa ya tafi da kazarmu a rufi, shirwa biyu suna bin sa a sama.

Aka shimfiɗa wa Inna tabarma a tsakar gida, Fati ta haye cinyarta. Hamsatu da Felicia da Mary suka shigo wai gaisuwa, suka zauna ba su da niyyar tashi. Mijinyawa ya soya sauran markaɗen, wannan karon da cokali, ya farfasa shi da muciya, ya kwarara baƙin romo. Muka shige shago muka rufe ƙofa don mu naɗe.

Ganye ya ƙi naɗuwa. Ka naɗe nan, can ya buɗe. Ka ɗaga, gindi ya zube. Mijinyawa ya yi gumi har kwalin hularsa ya fara laushi.

"A otal da me suke riƙe shi?" na ce.

"A lokacin mota takan zo, sai in tafi ɗaga..." Ya tsaya. "Sai in tafi duba wani sashen. Kai ba tela ba ne? Ɗinke su."

Daga tsakar gida na ji Inna tana cewa, "Ina jakar yarinyar? Ina so mu kama hanya kafin la'asar."

Ban ƙara musu ba. Na fara gwadawa a keken ɗinki, ya cinye ganye biyu ya shaƙe da kaza. Na ɗauko allura da koren zare, don ya saje. Na zauna na yi musu ɗinkin hannu, ƙanana, irin wanda nake yi wa wuyan rigar ango. Ban taɓa ɗinka yadi mai wahalar wannan ba, amma ko ɗaya bai zubar ba. Sai dai hannu ya yi abin da ya saba. Mu teloli in muna sauri ba ma yanke zare tsakanin ɗinki da ɗinki, sai an gama duka a bi da almakashi. Almakashina kuwa tun safe ya mutu.

Mijinyawa ya jera su a babban faranti, ya durƙusa ya wuce ƙofa, ya dire a gaban Inna. Ni na rakuɓe a bakin zaure. Maza sun cika zauren a bayana, yara sun hau katanga.

Inna ta leƙa farantin. "Wannan fa?"

"Kaza ce, Inna," in ji Mijinyawa.

"Tana ina?"

"Tana ciki."

"Kaza nawa?"

"Biyu. Ɗaya ta yi tafiya."

"Ina cinyoyin wadda ta zauna?"

"An markaɗa."

"Laifin me ta yi?"

Hamsatu ta cusa bakin mayafi a baki.

Mijinyawa ya gyara hula. "Inna, haka manya suke ci a Abuja."

"Allah sarki. Ba su da haƙora ne? To ina tuwon?"

"Ganyen shi ne tuwon. Shi ne kuma kwanon."

Inna ta juya wajen Fati. "Ƙawata, haka suke ba ki ciyawa kullum?"

"A'a, yau ne kawai. Kullum burodi ne."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Inna ta yi bismilla ta ɗauki na farko. Na biyu ya biyo shi. Na uku ya biyo na biyu. Ta ɗaga hannu sama, suka taso gaba ɗaya a jere suna lilo, kamar tutocin da ake ratayawa ranar saukar karatu.

 Wani yaro a kan katanga ya ce, "Carbi ne!"

"Haka ake yi," in ji Mijinyawa da sauri. "Don zumunci. Babba ya kama can, ƙarami ya kama nan. Bari ki gani."

Ya kama na ƙarshe ya jefa a baki. Sai da ya tauna sau biyu attaruhun gidan biki ya gaishe shi. Muka ji ƙashi yana ƙaras-ƙaras a bakinsa. Idanunsa suka yi ja, hawaye suka zubo. Ba zai tofar a gaban Inna ba, ba zai iya haɗiyewa ba, ga koren zare ya fito daga bakinsa ya tafi har hannun Inna.

"Lafiya, shugaba?" in ji Felicia.

"Daɗi ne," ya ce ta hanci. "Ya tuna mini Abuja."

A nan ragon Hammajoda, wanda ya riga ya san ɗanɗanon latas ɗinmu, ya ratso ta tsakanin ƙafafun maza. Bai gaishe da kowa ba. Ya kama tsakiyar jerin ya juya. Inna ta riƙe nata gam, zare ya tsinke ta wajenta. Ta wajen Mijinyawa kuwa ya shige tsakanin haƙora, kuma zaren nan mai kyau ne, ni na saye shi. Rago ya ja, Mijinyawa ya bi shi a sunkuye, baki a gaba. Suka zaga tsakar gida, suka zaga randa, suka nufi zaure. Rago ya wuce. Hula ba ta wuce ba. Ta daki saman ƙofa ta dawo baya ta faɗa cikin tukunyar baƙin romo, ta tsaya a tsaye, sannan a hankali ta durƙushe.

Mary ta faɗi a kan Hamsatu. Maza suka dare a zaure, muka ji ihu ya bi layi har bakin titi. Ko Liman sai da ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa.

Inna kaɗai ba ta yi dariya ba. Guda ɗayan da ya rage a hannunta take juyawa. Ta kawo shi kusa da ido, ta bi ɗinkin da farce.

"Wa ya yi wannan?"

"Baba ne," in ji Fati. "Shi yake mini kitso ma."

Inna ta zame mata ɗankwali. Kitson ba kyau, na sani. Layukan dai a miƙe suke, don da alli nake fara zanawa, kuma ƙarshen kowanne na ɗaure shi da zare kalar rigarta. Inna ta daɗe tana kallo.

"Ina jakarta?"

Na shiga ɗaki na ɗauko na ajiye a gabanta. Tun jiya na haɗa. 

Ba ta taɓa jakar ba. Ta miƙe ta shiga kicin ɗin Habibatu ta ja ƙofa. Matan suka daina dariya. Da ta fito, ɗankwalin da ke jikin ƙusa yana ɗaure a ƙugunta, tsintsiya a hannunta, idanunta jajaye.

"Hayaƙi ya yi yawa a kicin ɗin nan," ta ce, ko da yake rabon a hura wuta a ciki tun kaka.

Daidai nan Mijinyawa ya dawo, ba hula, ba takalmi ɗaya, guntun zare yana reto a gemunsa.

Inna ta nuna shi da tsintsiya, ta nuna ni, ta nuna Fati. "An ce mini yarinya ɗaya ce ba mai kula da ita. Na zo na tarar yara uku ne, biyu har da gemu. Ba ni da ɗakin da zai ɗauke ku a Zungur. Baban Fati, kira mai keken nan. Ya koma ya ce wa Ja'afaru ɗana ya ba shi akwatina da buhun dawa, ya kuma kula mini da awaki. A mayar da jakar nan ɗaki."

Na ɗauki jakar na mayar ɗaki.

"Kai kuma," ta ce wa Mijinyawa, "in na sake ganinka kusa da murhu a gidan nan, kai zan kai wa Felicia."

"Zan wanke inji in jira," in ji Felicia.

Da yamma muka ci tuwon dawa da miyar kuka. Fati ta yi ƙari, ta yi barci a kan tabarma ko hannu ba ta wanke ba. Mijinyawa ya cinye malmala uku, ya ce gishiri ya ɗan yi kaɗan.

Yanzu in ka bi ta majalisar bakin masallaci za ka ji shi yana ba da labari, cewa ya taɓa yin girkin da wata tsohuwa ta taɓa shi da hannu kawai, ko ci ba ta yi ba, ta bar garinsu da gonarta ta tare a Bauchi. In an musa sai ya ce a tambaye ni. Ni kuwa ba na iya cewa ƙarya ne.

Jiya ya leƙo shago a asirce, yana waigen ƙofar gida, ya ce in ɗinka masa wata hular. Ya ce waccan ta gaza ne don ba ta da tsawo.